Kashe kai da ciwon damuwa a ƙasar Birnin Gwari: abin da ya kamata ku sani

A ƙarshen watan Nuwamban 2024 gwamnan Kaduna, Uba Sani, ya je Birnin Gwari ya karɓi wasu 'yan bindiga da suka ce sun ajiye makamai, aka kuma sake buɗe kasuwar shanun garin bayan ta yi kusan shekara 10 a rufe. Manoma da dama sun koma gonakin da suka daɗe ba su taka ba. Sai dai akwai ɓarnar da sulhu ba ya gyarawa nan take, wato wadda aka yi wa zukatan mutane. Wanda ya binne ɗansa, da wadda ta yi watanni a daji, da wanda ya sayar da gonar gado ya biya kuɗin fansa, duk suna nan cikinmu. Wasu daga cikinsu ƙunci na kai su ga tunanin da ba a son faɗa a fili. Ga bayanin abin da masu bincike suka gano game da wannan tunani, da abin da za ku iya yi a kai.

Me ake nufi da halin kashe kai?

Masu bincike suna raba shi mataki-mataki. Na farko tunani ne: mutum ya riƙa jin gara mutuwa da irin rayuwar da yake ciki. Na biyu shiri, wato ya fara tsara yadda zai yi. Na uku yunƙuri, ya cutar da kansa da niyyar mutuwa amma ya tsira. Na ƙarshe shi ne mutuwar kanta.

Amfanin wannan rabo shi ne ya nuna cewa akwai tazara tsakanin mataki da mataki, kuma a cikin tazarar ake ceto rai. Yawancin masu tunanin ba sa kaiwa ga yunƙuri. Binciken da ya bi diddigin waɗanda suka yi yunƙuri suka tsira ya nuna kusan 9 cikin 10 ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Lokacin da haɗari ke kai maƙura yakan zama gajere, wani lokaci sa'o'i kaɗan. Idan mutum ya tsallake shi da rai, sau da yawa hankalinsa yakan dawo.

Mene ne ciwon damuwa, mene ne ciwon firgici?

Kowa yakan yi baƙin ciki. Ciwon damuwa ya wuce nan. Likitoci suna kiran sa ciwo idan mutum ya yi mako biyu ko fiye, kusan kullum, cikin ƙunci, abin da yake so a da ya daina burge shi, barci ya gagare shi ko ya yi masa yawa, abinci ya fita ransa, jikinsa ya mutu, yana ganin kansa ba shi da wani amfani. A wajenmu mai wannan ciwo ba kasafai yake cewa yana baƙin ciki ba. Abin da za ku ji shi ne, "Kaina na ɗaukar zafi," ko "Gabana na yawan faɗuwa," ko "Tunani ya yi mini yawa." Sai ya yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot daga kemis, ciwo kuma yana nan.

Ciwon firgici kuwa shi ne wanda ke biyo bayan mummunan abin da mutum ya gani da idonsa. Abin ya wuce amma yana dawo masa a mafarki da a farke. Ƙarar babura da daddare ta sa shi zabura, jikinsa na rawa. Ya daina bin wata hanya, ya daina son a ambaci wani ƙauye. Duka cututtukan biyu suna ƙara haɗarin tunanin kashe kai, kuma duka suna da magani.

Yaya girman matsalar yake?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 720,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma kusan kashi 73 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki suke. A tsakanin matasa 'yan shekara 15 zuwa 29, kashe kai ne na uku cikin abubuwan da suka fi kisa. A ƙiyasin 2019 yankin Afirka ne ke kan gaba, da mutum 11 cikin kowane 100,000, alhali na duniya gaba ɗaya 9 ne. Maza ke mutuwa fiye da ninki biyu na mata. A bayan kowace mutuwa kuma, ana ƙiyasin akwai yunƙuri fiye da 20.

Wataƙila ku ce, "Ai mu nan ba a yin wannan." Gaskiya ne addini da zumunci suna kare mutane da yawa. Amma ku tuna cewa a ƙauyukanmu ana binne mamaci a ranar da ya rasu, mafi yawan mace-mace ba a yi musu rajista, kuma iyalin da abin ya afka wa sukan rufa asiri saboda gudun gori. Rashin jin labari ba ya nufin abin ba ya faruwa.

Me bincike ya gano a Najeriya?

Babban bincike na ƙasa shi ne wanda Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta tsakanin 2001 da 2003. An tattauna da manya 6,752 a jihohi 21, har da masu jin Hausa. Kashi 3.2 cikin 100 sun ce sun taɓa tunanin kashe kansu, kashi 1 sun yi shiri, kashi 0.7 sun yi yunƙuri. Binciken ya nuna haɗari ya fi yawa a shekarar farko bayan tunanin ya fara, kuma ya fi kama masu ciwon damuwa da waɗanda suka sha wuya tun suna yara, kamar duka mai tsanani ko rabuwa da iyaye.

A 2008 Farfesa Olayinka Omigbodun da abokan aikinta sun wallafa bincike kan 'yan makaranta a kudu maso yamma. Fiye da kashi 20 cikin 100 sun ce sun yi irin wannan tunani, kusan kashi 12 kuma sun yi yunƙuri cikin shekarar da ta gabata. Cin zarafi da fyaɗe na cikin abubuwan da aka ga suna tafiya tare da shi.

Wanda ya fi kama da halin Birnin Gwari a nan jihar Kaduna aka yi shi. Farfesa Taiwo Lateef Sheikh, wanda ya taɓa shugabantar asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, ya jagoranci bincike kan manya 258 da rikicin bayan zaɓen 2011 ya raba da gidajensu suka zauna a sansani a Kaduna. Kusan kashi 42 cikin 100 suna da ciwon firgici, kusan kashi 60 kuma suna da alamun ciwon damuwa. An wallafa sakamakon a 2014 da 2015. Darasin a fili yake: tarzoma takan lafa, ciwon da ta bari ya ci gaba da cin mutane shekara da shekaru.

Me ya haɗa kashe kai da zaman al'umma?

Tun a 1897 wani masanin zamantakewa na Faransa, Emile Durkheim, ya tattara alƙaluman ƙasashen Turai ya lura cewa yawan kashe kai yana hawa da sauka ne gwargwadon yadda mutane ke haɗe da juna. Inda aure da iyali da jama'ar ibada suke da ƙarfi, abin yakan ragu. Inda tattalin arziki ya birkice farat ɗaya, mutane suka rasa inda suka dosa, yakan ƙaru.

A 2005 wani masani na Amurka, Thomas Joiner, ya ƙara bayani daga ɓangaren zuciyar mutum ɗaya. Ya ce abubuwa biyu ne ke haɗuwa su haifar da son mutuwa: mutum ya ji ba shi da kowa, sannan ya ji ya zame wa nasa kaya. Idan kuma ya saba ganin jini da mutuwa har tsoronsu ya ragu a ransa, haɗarin ya ƙaru.

Don haka ba dalili ɗaya ke kai mutum nan ba. Katangar ƙasa ba ruwan dare ɗaya ke kayar da ita ba: damina bayan damina tana jiƙa gindinta, ba a yi mata yaɓe ba, ranar da ta faɗi sai a ɗora laifin a kan ruwan jiya. Faɗa da mata, ko faɗuwa jarrabawa, ko zuwan mai bin bashi, yawanci su ne ruwan jiyan.

Ta yaya wannan ya shafi Birnin Gwari?

Shekara fiye da goma 'yan bindiga sun yi sansani a dazukan Kamuku da Kuyambana da Kuduru, ƙungiyar Ansaru kuma ta samu gindin zama a gabashin masarautar, wajen Damari da Kuyallo. A watan Mayun 2018 an kashe fiye da mutum 40 a harin ƙauyen Gwaska kaɗai. Hanyar Kaduna, mai tsawon kimanin kilomita 120 ta Buruku da Udawa, ta zama sai da rakiyar jami'an tsaro. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako-mako, ta kuma sa aka katse layukan waya daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, don a matsa wa 'yan bindiga.

Ku duba abin da wannan ya yi wa magidanci guda. An ɗauke matarsa da 'yarsa. Ya sayar da shanun huɗa, ya kwashe masarar rumbu, ya jinginar da gona, ya bi 'yan'uwa gida-gida ana karo-karo. An sako su, amma yanzu yana haya a ɗaki ɗaya cikin gari, bashi ya yi masa katutu, yana jin nauyin haɗa ido da waɗanda suka ranta masa. Mutumin da a da yake fitar da zakkar hatsi, yau shi ake kawo wa. Ya daina zuwa majalisa, ya koma sallah a ɗaki. Abubuwa biyun da aka ambata sun haɗu a kansa: kaɗaici, da jin ya zama kaya.

Ku duba kuma matar da ta dawo daga daji. An yi mata barka da arziki kwana uku, sannan aka shiga raɗe-raɗi kan abin da aka yi mata a can. Wata ta dawo da ciki, wata mijinta ya juya mata baya. Ba wanda ya tambaye ta ko tana iya barci.

Babbar asarar ita ce ta zumunci. Gayya, adashe, cin kasuwar mako, biki da suna, zaman ta'aziyya, su ne suke riƙe mutum idan ya raunana. Gudun hijira ya warwatsa su. Kuma wannan ciwo bai san ƙabila ba: yana gidajen manoma, yana rugagen Fulanin da aka sace wa shanu ko aka kashe wa dangi, yana cikin 'yan sa-kai da jami'an tsaro da suka ga abin da ido ba ya son gani.

Wa ya fi shiga haɗari?

Na gaba duka shi ne wanda ya taɓa yin yunƙuri, musamman a watannin farko bayan haka. Sai mai ciwon damuwa, da wanda wani nasa ya kashe kansa. Sai matasa masu shaye-shaye: binciken ƙasa na 2018 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka aka yi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kusan miliyan 3 daga cikinsu a arewa maso yamma. Taramol da kodin suna kawar da tunani na ɗan lokaci, su kuma cire wa mutum birkin da ke hana shi aikata abin nadama.

Akwai kuma yarinyar da aka yi wa auren dole, da matar da ake duka a gida, da mai jegon da ta kasa sakewa da jaririnta tana kuka ba dalili, da mai takabar da aka bari da marayu, da tsoho mai ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Kasancewa cikin waɗannan ba ya nufin mutum zai aikata. Yana nufin a ƙara sa masa ido da kulawa.

Shin ba raunin imani ba ne, ko aikin aljanu?

Musulunci ya haramta kashe kai, aya ta 29 a Suratun Nisa'i na cikin hujjojin da malamai ke kawowa, haka ma Kiristanci ya hana. Bincike ya nuna riƙo da addini da halartar jam'i suna rage haɗari. Amma ciwon damuwa yakan kama mai sallar dare kamar yadda hawan jini ke kama shi. Idan kuka ce wa mai ciwon, "Ba ka da tawakkali," kun ƙara masa laifi a kan wanda yake ɗora wa kansa, kuma ba zai sake buɗe muku cikinsa ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da bambanta hukuncin mai cikakken hankali da wanda hankalinsa ya gushe, kuma mafi yawansu sun tafi a kan cewa ana yi wa Musulmin da ya mutu ta haka sallah. Iyalinsa ta'aziyya suke buƙata.

Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti. Wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi ta Ghana, aka wallafa a 2020, ya haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan ƙananan asibitoci suna kula da masu taɓin hankali tare, kuma marasa lafiyar sun fi samun sauƙi. Abin da ba magani ba ne shi ne duka da ɗauri da mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da fiye da mutum 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Irin wannan wuri ƙara ciwon yake yi.

Waɗanne alamu za ku lura da su?

Ku saurari magana. "Na gaji da duniya." "Gara in mutu kowa ya huta." "Na zame muku wahala." Kada ku ɗauke su wasa, domin da yawa daga waɗanda suka aikata sun faɗa wa wani kafin nan. Ku lura da mai neman gafarar mutane ba tafiya ba ciwo, mai rabar da kayan da yake ji da su, mai ba da amanar 'ya'yansa. Ku lura da wanda ya janye daga jama'a, barci ya ƙaurace masa, shaye-shayensa ya ƙaru, ko fushinsa ya yi yawa. Wanda ya daɗe cikin ƙunci sai kwatsam aka ga ya natsu ba tare da wani abu ya canja ba, shi ma a matso kusa da shi.

Idan kun tambaye shi, ba za ku sa masa tunanin ba?

A'a. An yi ta gwada wannan, kuma wani nazari na 2014 da ya tattara binciken da aka yi a kai ya nuna tambaya ba ta ƙara tunanin, sau da yawa ma rage shi take yi. Mutumin ya daɗe yana ɗauke da abin shi kaɗai.

Ku sami wuri ba kowa, bayan la'asar a gindin bishiya ko a hanyar gona. Ƙane zai iya ce wa wansa, "Yaya, kwanan nan na ga ba ka sakewa, ko abinci ba ka ci. Don Allah ka gaya mini gaskiya, ko har tunanin kashe kanka yana zo maka?" Uwa za ta iya ce wa 'yarta, "'Yar nan, zo ki zauna kusa da ni. Abin da ke ranki, ko mene ne, ba zan yi miki faɗa ba."

Daga nan sai sauraro. Kada ku yi gaggawar wa'azi, kada ku ce, "Wane ya fi ka shiga uku amma ya yi haƙuri." Kada ku yi alkawarin ɓoye maganar, ku ce za ku nemi taimako tare, ku bar shi ya zaɓi wanda za a gaya wa. Idan ya ce ya riga ya yi shiri, kada a bar shi shi kaɗai ko da dare, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar.

Me ya sa ake maganar maganin feshi?

Kusan kashi 20 cikin 100 na masu kashe kansu a duniya da magungunan gona suke yi, galibi a karkara. Ƙasar Birnin Gwari ƙasar noma ce, kusan kowane gida akwai maganin ciyawa da na ƙwari, a ƙarƙashin gado, ko a kan katanga, ko a madafa kusa da kayan miya. Tunda lokacin haɗari gajere ne, abin da ke kusa da hannu shi ke yanke hukunci.

Siri Lanka ta hana shigo da magungunan gona mafiya guba daga shekarun 1990, kuma cikin shekara 20 yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100, amfanin gona bai ragu ba. An ƙiyasta an ceto rai 93,000. A Najeriya hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari a kasuwanni a 2019.

A gidanku, ku sayi iya wanda za ku fesa, ragowar a kulle a akwati ko ɗakin ajiya, makulli a hannun babba. Idan akwai mai damuwa a gidan, a kai wa maƙwabci ajiya. Haka bindigar farauta ko ta sa-kai. Idan kuwa wani ya sha maganin feshi, kada ku tsaya ba shi manja ko madara, kada ku sa shi amai da ƙarfi, don yana iya shaƙewa. Ku cire masa tufafin da maganin ya taɓa, ku kwantar da shi a gefensa, ku garzaya asibiti da kwalbar a hannu don likita ya san irinsa.

Ina za a je, kuma me ake kashewa?

Ku fara da asibitin da ya fi kusa, na sha-ka-tafi ko babban asibitin Birnin Gwari, ku faɗi damuwar da sunanta. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, irin wannan ƙaranci a ƙasashe da dama ne ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gano ciwon damuwa da fara maganinsa, Najeriya kuma ta karɓe shi. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Ƙungiyar SURPIN, wadda aka kafa a asibitin koyarwa na Legas a 2017, tana sauraron masu irin wannan damuwa ta waya.

Magani iri biyu ne: tattaunawa da ƙwararre, da ƙwayoyi idan an ga buƙata. Ƙwayoyin ciwon damuwa sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ji aikinsu, kuma ana ci gaba da sha wata shida ko fiye bayan an sami sauƙi. Kada a daina ba da sanin likita ba, kuma wani babba a gida ya riƙe su yana bayarwa.

Kuɗin da za ku tanada su ne na mota, da kati, da magani wata-wata. Sau da yawa na mota ya fi nauyi, don haka ku roƙi a mayar da ku karɓar magani a asibitin kusa bayan ganin farko. Ku tambaya kuma ko kuna cikin waɗanda hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar, KADCHMA, ke ɗaukar nauyinsu.

Me doka ta ce?

Sashe na 231 na kundin dokar laifuka ta Arewa, wato Final Kod, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Doka ce da aka gada daga zamanin Turawa, kuma likitoci sun daɗe suna cewa tana sa iyalai ɓoye mara lafiya maimakon kai shi asibiti. Jihar Legas ta sauya tata zuwa umarnin a kai mutum asibiti, Ghana ta soke tata a 2023. A watan Janairun 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 ta kuma ba marasa lafiya 'yancin a mutunta su. A ƙarshen 2023 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fitar da tsarin rigakafin kashe kai na 2023 zuwa 2030, a 2024 kuma ta kafa kwamitin da zai yi aikin cire yunƙurin daga jerin laifuka. Ko yaya dai, tsoron hukuma kada ya hana ku ceton rai.

Me gari zai iya yi da kansa?

Wani gwaji da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe biyar, aka wallafa a 2008, ya bi mutum 1,867 da suka yi yunƙuri. An ba rabinsu bayani na sa'a ɗaya, aka riƙa kiran su ko ziyartar su har wata 18. A cikinsu kashi 0.2 cikin 100 suka mutu ta wannan hanya, a sauran kuwa kashi 2.2. Leƙawa da tambayar lafiya ne suka kawo bambancin. A Zimbabuwe, tun 2006 Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, gwaji kuma ya tabbatar abin yana aiki.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Liman zai iya yin huɗuba kan ciwon damuwa ya ce a je asibiti. Mai unguwa da dagaci sun san gidajen da aka biya fansa, za su iya sasanta a sassauta wa mai bashi. Ungozoma da malamar Islamiyya su ne ke shiga ɗakunan da namiji ba ya shiga. Jaje kada ya ƙare a kwana uku, a koma bayan wata, a koma bayan wata uku. Idan kuma abin ya faru, kada ku yaɗa hoton mamaci ko bayanin yadda ya yi a Facebook da WhatsApp, domin bincike ya nuna irin wannan yaɗawa na jan masu rauni su kwaikwaya.

Idan ku ne ke cikin wannan hali fa?

Abin da kuke ji ciwo ne da aka sani, mutane da yawa sun shiga sun fita. Tunanin cewa iyalinku za su huta idan ba ku, ciwon ne ke faɗa muku haka, waɗanda aka bari a baya ba sa hutawa. Yau ɗin nan ku gaya wa mutum ɗaya da kuka yarda da shi, ɗan'uwa ko aboki ko liman ko ma'aikacin asibiti. Ku miƙa masa duk abin da kuke tsoron za ku cutar da kanku da shi. Kada ku kwana ku kaɗai, ku nisanci ƙwaya, gobe da safe ku tafi asibiti tare. Idan na farkon da kuka gaya wa bai fahimta ba, ku gaya wa na biyu.